Peugeot 504: Motar manya da ta ƙare a tashar talakawa

Shekara kusan 20 ke nan da daina haɗa Peugeot 504 a Kaduna, amma har gobe akan ci karo da ita a wasu tashoshin mota na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, an ɗaure mata kaya a bisa, tana jiran fasinja. Hausawa sun fi saninta da Fijo. Akwai lokacin da mallakarta ke nuna mutum ya kai, tun kafin ta zama ta kowa da kowa.

Daga Faransa zuwa Kakuri

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, bayan kamfanin Pininfarina na Italiya ya taimaka wajen zana siffarta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Matsakaiciya ce wajen girma, ga kujeru masu taushi, ga faifan birki a dukkan ƙafafu huɗu, abin da ba kowace mota ke da shi ba a zamanin.

A Najeriya, an kafa kamfanin PAN a 1972, haɗin gwiwar gwamnati da Peugeot, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. A shekarun farko, ta jirgin sama ake kwaso sassan motar daga birnin Lyon zuwa filin jirgin sama na Kano, sannan a ɗauke su a manyan motoci zuwa Kaduna a haɗa.

Darajarta ta ƙaru bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mai da Peugeot motar da jami'an gwamnati za su riƙa hawa. Tun daga nan 504 ta zama alamar babban ma'aikaci, alhazan birni su ma suka bi sahu.

Nijar kuwa ta wata hanya daban da yawa suka shigo mata. A shekarun 1970 da 1980, matasan Turai kan sayi tsofaffin Fijo, su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit har Agadez, su sayar, su koma gida da kuɗin.

Me ya sa ta jure?

Sirrin yana ƙarƙashinta. Injin na gaba, amma ƙafafun baya ke tura motar, kuma farfelar tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, sufirin ɗinta kuma yana da doguwar tafiya, don haka take shanye gargada da ramuka ba tare da ta wujijjiga mutanen ciki ba.

Na biyu shi ne sauƙin gyara. Galibin waɗanda suka yi yawo a wannan yanki injin fetur ne mai silinda huɗu, mai kusan lita biyu, da ke aiki da kabureta. Babu kwamfuta a jikinta. Bakaniken bakin hanya, da sifanarsa da kunnensa, zai gano ciwonta ya tashe ta. Kayan gyaranta kuma sun wadata a kasuwa.

Ta nuna ƙarfinta a fagen tsere ma: a 1975 direban Sweden Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504.

Ta zo iri-iri. Akwai ƙaramar ta gida, akwai a-kori-kura ta ɗaukar kaya, sai doguwar mai layin kujeru uku. Wannan ta ƙarshe ce ta mamaye tashoshi, tana jigila tsakanin Kano da Katsina, ko Katsina da Maraɗi ta Jibiya, sau da yawa da fasinja fiye da adadin kujerunta.

Yadda tauraronta ya dushe

A Turai tun 1983 aka daina ƙera ƙaramar, domin 505 ta riga ta fito a 1979. Afirka ce ta ci gaba da riƙe ta: Kenya har 2004, Najeriya kuma har wajen 2006. Jimillar da aka ƙera a duniya ta haura miliyan uku.

Matsalar masana'antar Kaduna ta faro ne daga kuɗin waje. Tunda yawancin sassan daga Faransa ake sayo su, faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta sa sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikacin albashi. Sai kasuwa ta cika da motocin hannu 'yan Kwatano, musamman na Japan, masu araha da ƙarancin shan mai. Daga baya gwamnatoci su ma suka karkata ga wasu motocin. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, bashi kuma ya sa hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012.

Darasin da ta bari

A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a wata sabuwar masana'anta a Kaduna, inda ya soma da Peugeot 301. Tambayar da ke gabansa ita ce wadda ta kayar da na farko: kashi nawa na sassan za a ƙera a gida, kuma wa zai iya sayen motar idan gwamnati ba ta saya ba?

Masu tsofaffin 504 kuwa suna nan suna lallaɓawa. Duk wadda ta mutu murus, akan yi mata fiɗa, a raya 'yan uwanta da sassanta.