Jaririn Gwallaga ɗan wace ƙasa ne?



Shirin namu na yau zai fara ne daga ƙofar wani gida a Gwallaga, nan cikin garin Bauchi, da hantsin ranar suna. An baza tabarmi, an raba goro da dabino, liman ya shafa fatiha, mahauci na fiɗar rago a gefe, wanzami kuma na wasa askarsa. A ce uban jaririn nan mutumin Maraɗi ne, shekara 20 ke nan yana kasa kaya a kasuwar Wunti, uwar kuwa 'yar Bauchi ce gaba da baya. To, wannan yaro ɗan wace ƙasa ne?

Na san wani zai ce, haba malam, ai nan aka binne cibiyarsa, magana ta ƙare. A Kanada haka ne, wurin haihuwa ya wadatar. Najeriya jini take bi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan bayan samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Najeriya ne. Don haka jaririnmu ya ci albarkacin uwarsa. Da a ce uwa da uba da kakanni duk mutanen Nijar ne, ko a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa aka haife shi, baƙo yake a idon doka.

Kada ku ɗauka wannan zancen lauyoyi ne kawai. Dattawa za su tuna Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A watan Janairun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ce ta dawo masa da haƙƙinsa, kuma asalin mahaifiyarsa ne ya tsaya masa. Mutumin da jama'a suka zaɓa ke nan, ina ga mai tireda?

Mu koma kan uban. Shi fa shekarun da ya yi a Wunti ba su mai da shi ɗan ƙasa ba. In yana so, sai ya nema a ƙarƙashin sashe na 27, ta hannun ma'aikatar harkokin cikin gida, ya kuma nuna ya zauna a ƙasar nan shekara 15, har gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. A nan gizo ke saƙar. Duk Gwallaga an san shi, an san sahun da yake tsayawa a masallaci, amma ofis takarda yake tambaya: izinin zama daga hukumar shige da fice, shaidar biyan haraji, da masu tsaya masa. Shi kuwa bawan Allah tun da ya shigo ta Jibiya bai taɓa riƙe ko rasit ɗin kuɗin haya ba, da baki suke gamawa da mai gida. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da matar ce baƙuwa mijin kuma ɗan ƙasa, sashe na 26 ya buɗe mata hanyar rajista mai sauƙi. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba a ba shi wannan dama ba.

Yaron ma da sauran rina a kaba. Ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma za a ce ya kawo, wadda ake bi ta hannun mai unguwa da hakimi, kuma yawanci garin uba ake tambaya. Mutanen Bauchi sun san zafin wannan tun 1996, lokacin da aka cire Gombe, wasu da aka haifa a nan suka wayi gari ana ce musu 'yan wata jiha.

Abin da ke hannun iyaye tun yanzu shi ne takardar haihuwa. Katin asibiti daban, takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa daban, kuma ita ce doka ta sani. Wata doka ta 1992 ta wajabta a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa, ko da a gida ungozoma ta karɓi haihuwar. Kafin mai jego ta gama wankan arba'in, maigida ya je ya karɓo, ya kuma tsaya ya duba an rubuta sunan uwar daidai.