Hunturu da Ƙaiƙayin Fata: Wane Man Shafawa Ya Dace da Mai Kirci?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke tasowa daga Hamadar Sahara takan lulluɓe mu da ƙura da sanyi, tun daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo har zuwa Kebbe da Kuchi. A wannan lokaci damshin da ke cikin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi kaushi da faso, jiki ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka.

Ga yawancinmu, da an shafa mai an wuce wurin. Amma akwai 'yan'uwanmu da hunturu ke zame wa azaba. Su ne masu kirci. Suna kwana suna susa, su wayi gari suna gyangyaɗi a aji, wasu kuma su riƙa ɓoye hannuwansu saboda tsokana. Dominsu muka shirya wannan bayani, da kuma duk wanda ke da ƙane ko ƙanwa mai irin wannan lalura a gida.

Mene ne kirci?

Kirci shi ne abin da likitoci ke kira ekzima. Alamominsa su ne bushewar fata, da ƙaiƙayi mai tsanani musamman da dare, da ƙananan ƙuraje. Ya fi zama a lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da wuya, da wuyan hannu. Ga jarirai kuwa yakan fara daga kumatu. Littattafan Turawa sukan ce wurin yana yin ja, amma a fata irin tamu ya fi yin duhu ko ruwan toka, kuma idan an daɗe ana susa sai ya yi kauri. Yakan bi jini, kuma sau da yawa ana samunsa a gidajen da ake fama da asma ko yawan atishawa. A wasu ƙasashe yana taɓa kusan yaro 1 cikin 5.

Mu riƙe wannan da kyau: ba a ɗaukar kirci daga wani. Zama a benci ɗaya, ko musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya ba sa yaɗa shi. Ba kuma alamar ƙazanta ba ne. Haka nan ba shi da alaƙa da kircin da makiyaya suka sani a jikin shanu, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. A Nijeriya mutane da yawa suna kiran ƙyasbi da sunan ekzima, alhali cututtuka biyu ne daban. Ƙyasbi, wato tabo-tabon nan masu haske a ƙirji da baya da fuska, da makero mai zagaye kamar kwabo, wasu ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna ke kawo su. Ƙazuwa kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, kuma ita tana yaɗuwa a ɗakin kwana. Man shafawa ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Don haka matakin farko shi ne ma'aikacin lafiya ya duba ya faɗi abin da ke jikin.

Me ya sa fatar mai kirci ke bushewa?

Mu ɗauki saman fatarmu kamar bangon gida. Ƙwayoyin fata su ne tubali, wani irin maiƙo da jiki ke samarwa shi ne lakar da ke riƙe su. Idan bangon yana da kyau, ruwan jiki ba ya tsiyayewa, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun shiga. A jikin mai kirci wannan lakar ba ta wadata ba. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Birtaniya suka gano cewa a jikin wasu masu kirci akwai tawaya ta gado a wani sinadari mai suna filagirin, wanda ke taimakawa wajen gina wannan bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da fata ta tsage sai ruwa ya fita, abubuwa masu tayar da ƙaiƙayi su shiga, mutum ya sosa, susar ta ƙara tsaga bangon, ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfinsa. Aikin man shafawa shi ne yaɓe wannan bango kullum kafin ya tsage.

Ire-iren man shafawa

Na farko shi ne mai kauri irin basilin, wanda kusan babu ruwa a cikinsa. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya yi masa rajista da sunan Vaseline a 1872, kuma har yau yana cikin mafi ƙarfi wajen hana ruwa fita daga fata, don yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da zai ɓace. Ba ya zafi a wurin da ya tsage, kuma yana da araha. Illarsa ita ce danƙo da kama ƙura.

Na biyu shi ne kirim, wanda aka haɗa ruwa da mai har ya yi kauri kamar kindirmo. Yana shiga jiki da sauri, ba ya ɓata kayan makaranta sosai, don haka ya dace da rana.

Na uku shi ne loshan mai tsiyaya. Ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Yana da daɗin shafawa lokacin zafi, amma a tsakiyar hunturu ba ya daɗewa, sai an yi ta maimaitawa.

Wanne ya fi? A shekarar 2022 masu bincike na Jami'ar Bristol a Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa yara 550 masu kirci. Sun raba musu nau'i huɗu na man shafawa, daga mai ruwa-ruwa har zuwa mai kauri, kuma ba su ga wani nau'i da ya yi wa sauran fintinkau ba. Darasin shi ne, man da ya fi shi ne wanda jikinka ya karɓa, aljihun gidanku zai iya ɗauka, kuma za ka iya shafawa kullum ba fashi. A yanayinmu, tsarin da ya fi sauƙi shi ne basilin ko man kaɗe da dare, kirim da rana. Idan bazara ta shigo daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai a koma ga mara nauyi, domin gumi shi ma yana tayar da ƙaiƙayi.

Mayukanmu na gida fa?

Man kaɗe abin alfaharinmu ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, kuma jihohin Kebbi da Neja suna cikin manyan masu samar da ita. Yana laushin fata, yana kuma riƙe damshi. A nemi tsantsarsa mai tsafta, wanda ba a zuba masa turare ba, wanda kuma bai yi warin tsufa ba.

Man kwakwa tsantsa shi ma an gwada shi a kan yara masu kirci a ƙasar Filifin, an ga ya taimaka.

Man zaitun yana da daraja a wurinmu kuma yana da kyau a abinci, amma ga fatar mai kirci a yi hattara. Wani bincike na Jami'ar Sheffield a 2013 ya nuna cewa shafa shi a kai a kai yana raunana bangon fata.

Man gyaɗa kuwa, kada a shafa wa jariri a wurin da ya tsage. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2003 ya danganta shafa wa jarirai mayuka masu man gyaɗa a fata mai kumburi da samun borin jiki idan sun ci gyaɗa daga baya.

Karanta kwalba kafin ka biya

Idan an je kanti ko kemis, a juya bayan kwalba a duba waɗannan abubuwa:

1. Lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. An kafa hukumar a 1993, kuma kayan shafe-shafe suna cikin abubuwan da take sa wa ido. Man da aka ɗura a roba ba suna ba lamba, a bar shi a wurin mai shi.

2. Ƙamshi. Turare yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da kirci. Idan an ga an rubuta “fragrance” ko “parfum”, a ajiye. Ko basilin ma akwai mai ƙamshi da mai launi, a zaɓi fari mara ƙamshi.

3. Sinadarai masu amfani. “Petrolatum” shi ne basilin. “Glycerin” yana jawo ruwa ya riƙe a fata. “Ceramide” irin maiƙon nan ne da ke tsakanin tubalin fata, sai dai mayukan da ke da shi suna da tsada, kuma ba dole ba ne. “Urea” yana da kyau ga kaushi, amma yana raɗaɗi a wurin da ya tsage.

4. Alƙawarin hasken fata. Duk man da ya yi alƙawarin mayar da mutum fari, ba na mai kirci ba ne, ba ma na kowa ba ne. Da yawansu na ɗauke da sinadarin makuri ko haidirokwinon ko sitiroyid mai ƙarfi, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu.

Kafin a shafa sabon mai a duk jiki, a gwada shi a cikin dantse, safe da yamma, na kwana uku zuwa biyar. In ya kawo ƙuraje ko zafi mai daɗewa, ba naka ba ne.

Tarkon ƙananan tub na kemis

Akwai ƙananan tub da ake sayarwa a matsayin maganin kowace irin cutar fata, waɗanda wasu ke matsewa cikin man shafawarsu. A jikinsu za a ga “clobetasol” ko “betamethasone”. Waɗannan sitiroyid ne masu ƙarfi. Magani ne na gaskiya idan likita ya rubuta, ya faɗi wurin shafawa da yawan kwanaki. Amma mai shafa su wata da watanni da kansa, fatarsa takan yi siriri, ta yi nankarwa, fuska ta cika da ƙuraje, makero kuma ya ƙara bazuwa. Da an daina sai ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. Haka kuma man birki, da man goge baki, da lemun tsami, da man zafi na mura, duk ƙona fata suke yi.

Yadda ake shafawa

A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi, kuma kada a daɗe. A rage sabulu, a ajiye soso mai kaushi. Sabulai masu kashe ƙwayoyin cuta da maganin da ake ɗigawa a ruwan wanka suna busar da fata, sabulun salo ma yakan yi wa wasu ƙarfi. Bayan wanka a daddanna jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa mai nan take tun jiki da sauran laima. A shafa a hankali ana bin kwanciyar gashi.

A shafa aƙalla sau biyu a rana, ko da fatar ta lafa. Hannu da fuska da ƙafa suna haɗuwa da ruwa sau da yawa saboda alwala da wanke-wanke, don haka a riƙa yawo da ɗan ƙaramin gwangwani a aljihu. Kada a yi rowar mai. A Birtaniya, yaron da kirci ya kama masa jiki sosai ana ba shi giram 250 zuwa 500 a kowane mako. A riƙa ɗiba da cokali mai tsafta maimakon tsoma yatsa, kuma kada gwangwani ɗaya ya zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya. Wanda likita ya rubuta wa maganin shafawa, ya bar tazarar kamar minti 30 tsakanin maganin da man.

A ɗauraye kaya sosai har omo ya fita. A sa rigar auduga a ƙarƙashin suwaita, a kuma yanke farce.

Hattara da wuta

Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai, tunda lokacin jin ɗumi ne. Man da ya jiƙa riga ko zane ko bargo ya bushe a ciki yana sa yadin ya kama wuta da sauri. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, bayan an samu asarar rayuka. Mai shafa mai da yawa ya nisanci garwashi da murhu da kyandir da maganin sauro na kunnawa, ya kuma riƙa wanke kayan kwanciyarsa a kai a kai.

Yaushe za a je asibiti?

A je idan an yi mako biyu ana shafa mai babu sauƙi, ko ƙaiƙayi yana hana barci. A hanzarta idan wurin ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ƙuraje masu ruwa suka fito da yawa tare da zazzaɓi. Ɗalibin kwana ya fara sanar da malamin gida ko mai kula da ɗakin shan magani na makaranta. Daga nan sai asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Tambuwal. In abin ya ci tura, ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Man shafawa ba ya kawar da kirci har abada, amma yana rage tashinsa, yana kuma rage buƙatar magani mai ƙarfi. Yara da yawa suna samun sauƙi sosai idan sun girma. Mu da Allah ya ba lafiyar fata kuwa, namu aikin shi ne mu daina tsokana da ƙyama. Wanda ya karanta wannan allo ya kai labarin gida, musamman ga iyaye mata masu goyo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.