Farar Giyar Fotugal Mai Araha: Inda Ƙanshinta Ya Samo Asali

A arewa maso yammacin ƙasar Fotugal, a yankin Minho da ke fuskantar Tekun Atlantika, akwai wata farar giyar inabi da ake kira Vinho Verde, watau "koriyar giya". Ba launinta ake nufi ba. Abin nufi shi ne ɗanya ce, ana sayar da ita 'yan watanni kaɗan bayan girbi, ba a ajiye ta ta shekara da shekaru. Mafi yawan masu karatunmu ba su da hulɗa da wannan abin sha tun da addini ya hana, amma labarinsa labari ne na ƙananan manoma da kasuwar duniya.

Tun a 1908 hukuma ta shata iyakokin yankin, kuma a 1926 aka kafa hukumar da ke lura da ingancin abin da ake fitarwa. Wuri ne mai yawan ruwan sama da sanyi, saboda haka inabin ba ya tara zaƙi sosai kafin a tsinke shi. Ƙarancin zaƙin nan shi ke sa ƙarfin giyar ya yi ƙasa, galibi tsakanin kashi 8 da 11 da rabi cikin ɗari, tsaminta kuma ya fito fili.

Masana ɗanɗano suna kwatanta ta da lemun tsami da ɗanyar tuffa. Amma kowane irin inabi da nasa hali. Wanda ake kira Loureiro ƙanshin fure ne da shi, har ma sunansa ya samo asali ne daga wani ganyen ƙanshi da Turawa ke jefawa a miya. Alvarinho kuwa, na garuruwan Monção da Melgaço da ke bakin iyakar Sifen, ya fi kauri a baki, ya kuma fi tsada. Akwai ɗan tsirtuwar kumfa da ake ji a harshe. A da can takan samu ne don giyar tana ci gaba da tsimuwa cikin kwalba, yanzu kuwa yawancin kamfanoni iska suke ɗura mata.

Arahar ma tana da dalili. Ana tsima ruwan inabin cikin manyan tankunan ƙarfe masu sanyi, abin da ke tsare ƙanshinsa, ba a kuma kashe kuɗi wajen gangunan katako ko doguwar ajiya. A zamanin da, talakan manomi yakan bar inabinsa ya hau bishiya ko rumfa a gefen gona domin tsakiyar ta zauna ta masara, sai an kafa tsani ake girbi. Dabara ce ta mai ƙaramin fili, ko da yake gonakin zamani sun koma layi-layi a kan waya.

Sai dai sunan araha ya zame wa manoman ƙarfen ƙafa, domin mai saye da ya saba da ƙaramin farashi ba ya son a ƙara masa. Bugu da ƙari, Ƙungiyar Inabi da Giya ta Duniya ta bayyana cewa shan giyar inabi a 2024 ya faɗi ƙasa fiye da kowace shekara tun 1961. A 2025 kuma Amurka, wadda ke cikin manyan masu sayen Vinho Verde, ta ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan yawancin kayan Tarayyar Turai, har da giyar inabi.