Yisti da Allurar Rigakafin Ciwon Hanta

 Iyaye sukan tambaya da me ake yin allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai. Tambayar tana kan hanya, musamman ga waɗanda suka tuna jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano a 2003 zuwa 2004.

Allah ya sa wa kowace halitta wani umarni a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda masana ke kira DNA. A 1973, Stanley Cohen da Herbert Boyer a Amurka suka nuna cewa za a iya yanko guntun wannan umarni a liƙa shi a wani ɗan zobe da ke cikin ƙwayar bakteriya, mai suna filasmid. Zoben shi ne ɗan aike. Duk ƙwayar da ya shiga za ta bi umarnin da ya kawo, ta kuma gadar wa 'ya'yanta. Ta haka bakteriya ke yin insulin na masu ciwon sukari tun 1982.

Allurar ciwon hanta nau'in B ta farko, ta 1981, daga jinin mutane aka tace ta. Daga 1986 aka koma ga yisti, irin wanda ke kumbura burodi. Ana ba shi umarnin yin ɓawon ƙwayar cutar kaɗai. Yistin ya hayayyafa a manyan tankuna, a tace ɓawon, a tsabtace shi. Babu ƙwayar cuta a ciki, don haka allurar ba ta iya sa wa yaro ciwon. Jiki ne ke ganin ɓawon ya shirya yaƙi tun da wuri.

Nijeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara a 2004. Uwa tana iya ɗauke da cutar ba ta sani ba. Cikin jarirai 10 da suka kamu wajen haihuwa, kusan 9 sukan zauna da ita, wasu kuma hantarsu ta lalace bayan sun girma.

Saboda haka muna roƙo, ko a gida aka haihu, a kai jariri asibiti cikin awa 24, kada a jira ranar suna. A koma a mako na 6, na 10 da na 14. Kyauta ce a asibitin gwamnati. Fastoci da zumuntar mata, ku tuna wa masu juna biyu. Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.