Fentin Mota Tsakanin Ƙurar Hunturu Da Gishirin Teku

Da zarar watan Disamba ya kama, duk mai mota a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ya san abin da zai tarar da asuba: motar da ya wanke jiya da yamma ta yi furu-furu kamar wadda aka watsa wa garin masara. Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu ɗauko busasshen tsumma, ko tsohuwar singileti, mu karkaɗe ta sama da ƙasa, mu murza bonet har sai ya ɗan yi haske, sannan mu kama hanya. To wannan ɗabi'a da muke ɗauka tsabta ce, ita ce kan gaba wajen kashe fentin motocinmu, domin ta fi rana da ruwan sama saurin ɓarna.

Dalili kuwa yana cikin ƙurar kanta. Mafi yawan ƙurar hunturu da ke sauka mana daga hamada take tasowa, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda gindin wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe, kuma masana na sa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ko da yake tana da laushi a hannu kamar hoda, a cikinta akwai ɓurɓushin yashi da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ke nan mai murza busasshen tsumma a kan mota mai ƙura, samfefa yake goga mata bai sani ba. Idan kana son ka gani da idonka, tsaya da tsakar rana kusa da baƙar mota, ka dubi inda hasken rana ya faɗa a kan bonet, za ka ga zane-zane sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Kowane zare a ciki sawun tsumma ne.

Kafin mu shiga batun kaki da folish, ya kamata mu san abin da muke gogewa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai firaima, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama akwai wani fenti marar launi, garai kamar gilashi, wanda masu feshi ke kira kiliya. Shi ne mai ƙyalli, kuma a cikinsa ne aka zuba sinadarin da ke tare zafin hasken rana don kada ya kodar da launi. Dukkan hawan nan idan aka haɗa su, kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rabon kiliya a ciki kamar maikiron 35 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Wannan ɗan siririn abu shi ne duk jarin da muke karewa, kuma idan ya cinye ba ya tsirowa. Motar da ka ga rufinta ya yi fari-fari yana ɓarewa kamar fatar maciji, kiliyarta ce ta mutu, babu wani man shafawa a kasuwar Abossey Okai da zai dawo da ita, sai dai sabon feshi.

Sai a shekarun 1980 ne wannan tsari na kiliya ya zama ruwan dare. Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da dattawanmu suka yi tashe da su, da ma wasu motocin haya da aka yi wa feshin araha, galibi fenti ɗaya gare su, launi da ƙyalli a haɗe. Gane su ba wuya: ɗiga folish kaɗan a farin tsumma ka goga a wani lungu, in tsumman ya ɗauko launin motar, to babu kiliya.

Mu mazauna bakin teku kuma muna da ƙarin abokin gaba. Iskar da ke kaɗowa a Teshie da Nungua da Tema da Sekondi ɗauke take da gishiri, kuma duk inda tsakuwa ta ɗan fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, nan tsatsa za ta kafa sansani ta riƙa ci ta ƙarƙashi, sai dai ka ga fenti ya kumbura. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku sun tsira daga gishiri, amma hunturunsu ya fi namu tsanani da daɗewa. Ga kuma bishiyoyi. Kowa na neman inuwar darbejiya ko mangwaro ya ajiye mota, kuma da gaskiyarsa, sai dai inda inuwa take nan tsuntsaye suke, nan kuma ƙaro ke ɗigowa. Wanda ya taɓa barin motarsa a wajajen Asibitin Soja na 37 a Akara, inda dubban jemagu ke rataye a kan bishiyoyi, ba ya buƙatar dogon bayani. Kashin tsuntsu da na jemage suna da tsami mai cin fenti, in rana ta gasa shi a kan bonet mai zafi yakan bar tabo cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinsa a jiƙa tsumma ko takarda mai laushi a ɗora a kai na 'yan mintuna, ya jiƙu, a ɗauke shi a hankali. Kada a kankare, domin sau da yawa akwai tsakuwa da ƙwayar 'ya'yan itace a ciki.

Wanki shi ne tushen komai, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Na farko, omo da sabulun wanki da na wanke kwanuka an yi su ne don su narkar da maiƙo, shi kuwa kaki dangin maiƙo ne, saboda haka suna raunana shi, suna kuma busar da robobin tagogi. Sabulun ruwa na wankin mota bai kai tsadar da ake zato ba, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Na biyu, a fara kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa don ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jikin motar. Na uku, a yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, ta yadda yashin da aka kwaso ba zai koma kan fenti ba. Mun san halin ruwa a unguwanninmu, inda famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, amma galan rawaya guda biyu, irin waɗanda muke kira galan Kufuor, sun isa wanke ƙaramar mota tsaf in an yi tattali. Taya da ƙasan ƙofa su ne na ƙarshe, kuma da sosonsu daban, don jan ƙasar da ke manne a wurin ita kaɗai ta isa ta lalata ƙofa.

A yi wankin da sanyin safiya ko bayan La'asar, a inuwa. Jikin baƙar mota da ta yini a rana yakan haura digiri 70 na zafi, ruwa na sauka yake bushewa, in kuma na rijiya ne ko na burtsatse sai ya bar ɗige-ɗigen fari masu wuyar fita. Don haka ba a barin mota ta bushe da kanta, ana tsane ta da tsumman maikirofaiba mai tsabta. In tsumma ya faɗi ƙasa, aikinsa ya ƙare sai an wanke shi. Wannan ƙa'ida ce da ya kamata a koya wa yaran gida da muke ba aikin wankin mota ranar Asabar, domin yaro ba ya ganin laifin ɗaukar soso daga ƙasa ya ci gaba.

A bakinmu duk abin da aka shafa wa mota ya yi ƙyalli folish ne, alhali abu biyu ne masu aiki mabambanta. Folish na gaskiya yana ɗauke da gari mai laushi ƙwarai wanda ke cin saman kiliya kaɗan, ya daidaita ta da zurfin zanen da ke jiki, shi ya sa zanen ke ɓacewa. Kaki kuwa ba ya cin komai, shimfiɗa ce kawai da ke zama a sama ta karɓi rana da ƙura da gishiri a madadin fenti. Folish ragewa yake yi, kaki ƙarawa. Wanda ke kai motarsa ana murza ta da inji duk wata, yana murna da ƙyalli, yana cinye kiliyarsa ne da kuɗinsa. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, ko ma sai in an ga buƙata. Akwai kuma gwajin farce: ja farcenka a kan zane, in ya maƙale, to zanen ya yi zurfin da folish ba zai fitar da shi ba, ci gaba da murzawa rami kawai zai ƙara. Injin gogewa mai juyi ɗaya, irin na masu feshi a Suame Magazine, a hannun gwani abin sha'awa ne, amma a hannun ɗan koyo yana iya ƙona fenti a gefen bonet cikin ƙiftawar ido, domin a kan kusurwa fenti ya fi siranta. A gida hannu ya fi aminci, ko da zai ci yini.

Bayan wanki, kafin kaki, sa hannunka cikin ledar siririya ka shafa bonet. In ka ji gurzi-gurzi kamar yashi, akwai dattin da ya nutse wanda sabulu bai fitar ba. Don wannan ne aka ƙirƙiro wani yumɓu na musamman a Japan, ana murza shi a hankali a kan jiƙaƙƙen fenti mai santsin kumfa, yana tsince dattin. Ɗigon kwalta kuwa kananzir kaɗan a tsumma yana narkar da shi, sai a bi da sabulu nan take. Tina da man birki kada su kusanci fenti ko da wasa.

Kakin da ya fi suna shi ne karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Barazil, a jihohin Piaui da Ceara. Ana sare ganyen a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa a narkar. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, ya fi kakin zuma jimiri sosai, shi ya sa kamfanoni irin su Meguiar's, wanda ya faro a 1901 da man goge kayan katako, da Turtle Wax da Simoniz suka daɗe suna sa shi a kayansu. Ƙyallinsa mai zurfi ne, musamman a kan baƙi da ja, sai dai a ranarmu ta nan ba ya daɗewa, wata ɗaya zuwa biyu ya tafi. Akwai na haɗin sinadari wanda kan kai wata huɗu zuwa shida, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da direban tasi ko mai motar da ke kwana a waje. Sai kuma shafin siramik da ake ta yayatawa a 'yan shekarun nan, wanda in na kirki ne yakan yi shekaru, amma ba ya hana zane kamar yadda masu talla ke nunawa, kuma in aka shafa shi a kan fenti mai tabo, to an rufe tabon ke nan a ciki.

Shafa kaki ba ya son gaggawa, ba ya kuma son yawa. A ɗebo kaɗan da soso mai laushi, a shimfiɗa shi siriri a ƙofa ɗaya ko rabin bonet, a jira ya yi hazo-hazo. A ja yatsa a kai, in wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi, in ya yi dameji a ƙara jira. Lafta shi da kauri ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen tagogi, domin kaki na barin farin tabo a kansu. Mota mai fentin da aka yi shi dususu da gangan, marar ƙyalli, ba a yi mata folish ko kaki irin wannan sam. Sanin ko kaki na nan kuwa, watsa ruwa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da sauransa, in ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. Mafi dacewa a shafa a watan Nuwamba kafin hunturu, a sake a watan Maris kafin damina ta kankama, sauran kuma gwargwadon abin da ruwa ya nuna.

Da yawa cikin motocin da muke saye sun shigo ne ta tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka da Kanada, wasu da raunin hatsari, aka gyara aka fesa su a nan. Irin wannan sabon feshi yana ci gaba da fitar da sinadarinsa na tsawon makonni, don haka masu yin fenti kan ba da shawarar a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe shi da kaki. A tsakanin nan wanki da ruwa da sabulu mai laushi ya isa. Mai saye kuma ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, a naɗe cikin ƙyalle: inda ya kama a ƙofa ɗaya ya ƙi kamawa a wani sashe nata, akwai fila mai kauri a ƙasa, kuma irin wurin ne ke fara tsagewa bayan damina biyu. Ranar da za a sayar da mota, dillali jikinta yake fara kewayawa kafin ya ce a buɗe bonet, kuma rufin da ya ɓare yakan zaftare kuɗin da ya ninka na kakin shekara goma.

Saura batun rigar mota, wadda da yawa ke saye suna ganin sun gama da matsala. Tana da amfani ga motar da za ta daɗe a ajiye, amma da sharaɗin a lulluɓe ta tana da tsabta. In aka rufa ta a kan ƙura, iska na kaɗa ta dare da rana tana gurzar fenti, in kuma ta leda ce marar numfashi, takan tara raɓa da gumi a lokacin damina har kiliya ta yi gajimare. Wanda ke da fili a ƙofar gida, rumfar kwano mai ƙafa huɗu ta fi masa rigar nan alheri.