Shin Karatu Aiki Ne? Tsaka Mai Wuyar Uwa Ɗaliba A Amurka

Duk wanda ya yi nazarin harshe ya san cewa kalma ba ta nuna ainihin nauyinta sai ta shiga bakin doka. A Amurka, kalmar "aiki" ce ta zame wa dubban mata masu renon 'ya'ya su kaɗai ƙarfen ƙafa, musamman waɗanda suka ɗaura ɗamarar neman digiri.

Asalin maganar shi ne, a ranar 22 ga Agusta, 1996, Shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu kan dokar da ta soke tsarin tallafa wa iyalai matalauta wanda ake bi tun 1935, ta maye gurbinsa da shirin TANF. Sabon shirin ya zo da sharuɗɗa biyu masu tsauri: ba za a ba iyali kuɗin gwamnatin tarayya fiye da wata 60 a tsawon rayuwa ba, sannan ana bukatar uwa ta yi aiki na awa 30 a mako, ko awa 20 idan tana da yaron da bai kai shekara shida ba.

To, mene ne aiki? A nan gizo ke saƙar. Dokar ta lissafa abubuwa 12 da ta yarda a kira su da wannan suna. Sharar titi a ƙarƙashin shirin hukuma aiki ne. Yawon neman aikin ma aiki ne, na wasu 'yan makonni. Amma karatun koyon sana'a wata 12 kacal aka yarda ya cike gurbin aiki, alhali digiri na cin shekara huɗu.

Mai karatu ya ƙaddara mace ce mai ɗa ɗan shekara huɗu, tana karatun aikin jinya. Da zarar shekarar farko ta ƙare, wajibi ne ta nemo awa 20 daga cikin makon da lacca da zuwa asibiti da reno suka riga suka cinye. In ta gaza, a zaftare mata tallafin. In ta rage darussa domin ta cika sharaɗin, karatun ya ja, watanni 60 ɗin nan kuwa ba sa jiran kowa. Mu da muke koyarwa mun san yadda idon ɗalibin da bai yi barci ba yake, ba sai an faɗa mana ba.

Ba a daɗe ba sakamakon ya bayyana. A birnin New York, zamanin magajin gari Rudy Giuliani, an tura masu karɓar tallafi sharar tituna da wuraren shaƙatawa, kuma adadinsu a jami'ar birnin, wato CUNY, ya faɗo daga kimanin 27,000 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa kimanin 10,000 a 2000. Jihar Maine kuwa wata hanyar ta bi: a 1997 ta kafa shiri na musamman da ya ba irin waɗannan iyaye damar yin karatun shekara biyu ko huɗu ba tare da sun rasa tallafi ba.

Masu kare dokar na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce, ina adalci a ɗauki harajin mai wanke-wanke a gidan abinci, wadda ita ma uwa ce kuma ba ta ga ƙofar jami'a ba, a ciyar da wata har ta gama digiri? Sai dai a ganina hujjar ta manta cewa aikin da ake tura matan nan yi cikin gaggawa, galibi albashinsa bai isa ya raba su da talauci ba, ita kuwa ma'aikaciyar jinya da wuya ta sake komawa layin tallafi.

A 2008 gwamnatin tarayya ta ɗan sassauta. Ta amince a lissafa karatun digiri a cikin wata 12 ɗin, ta kuma yarda cewa a kan kowace awa ta aji, awa guda ta bitar darasi a gida ita ma aiki ce. Shekara uku da suka rage kuwa, dokar ta bar wa uwar da jihar da take zaune su san yadda za su yi da su.