Kafin ka zuba magani a tankin tarwaɗa, duba yauƙin jikinta

A hutun da ya wuce, wani yayana a Ambursa ya yi asarar kusan rabin 'ya'yan tarwaɗar da ya zuba a tankin siminti. Da farko kifayen suka riƙa goga jiki a bango kamar masu jin ƙaiƙayi, suka rage cin abinci, fatarsu ta yi toka-toka da yauƙi. Sau biyu yana zuba musu kafso, amma a banza.

Sai da muka kai wa wani malaminmu kifi mai rai muka ga ɓarawon. Ya kankare yauƙin a hankali, ya ɗora a kan gilashi da ɗigon ruwan tankin, ya saka a madubin likita. Sai ga wasu tsutsotsi suna miƙewa suna lanƙwashewa kamar matsattsaku.

Sunansu Gyrodactylus. Yawancinsu ba su kai milimita 1 ba, shi ya sa ido ba ya ganinsu. Suna maƙale wa fata da manyan ƙugiyoyi 2 da ƙanana 16. Ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, kuma 'yar da aka haifa tana fitowa da wata a cikinta. Ka ga ke nan tanki mai cunkoso kasuwa ce ta buɗe musu. Idan kuwa ka ga mai ɗigon idanu baƙaƙe 4, to danginsu ne masu yin ƙwai, waɗanda suka fi zama a matsefin da kifi ke numfashi da shi. Kada ka kai mataccen kifin da ya kwana, domin tsutsotsin na barin gawa.

Kafso maganin bakteriya ne, ba ya taɓa su. A Japan, masu kiwon kifin teku kan tsoma shi cikin ruwan daɗi na 'yan mintuna, sai irin nasu tsutsotsin su yi fari su zube. Mu da kifinmu na ruwan daɗi ne, wankan gishiri ake yi masa, amma awon sai da shawarar ma'aikacin kiwon kifi, don idan ya yi yawa kisa yake yi.

Yanzu duk sabon irin da yayana ya sayo, ko daga Birnin Kebbi ko Argungu, sai ya yi mako biyu a robarsa daban, da komarsa daban, kafin ya shiga tanki.